Addu'ar da Na Yi wa Ɗan Malam Sani

Yaya Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Ya Jos da sanyinta? Ya maigida da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau.

Kin san majalisarmu ta gindin bedi. Ranar Talata Malam Sani, mai kawo kifi daga Zobe, ya ce ɗansa na kwance da zazzaɓi. Kowa ya yi wa yaron addu'a bi da bi. Da aka zo kaina na ce, "Yesu ya ba shi lafiya." Sai Lawal tela ya miƙe, ya ce kada in ƙara kawo musu wannan. Wasu suka goya masa baya. Na sa takalmina na tafi, kwana uku ban koma ba.

Jiya Malam Sani ya zo har gida. Ya ce, "Malam Bitrus, ɗana ne ba lafiya, ba ɗan Lawal ba, kuma ni ban ƙi addu'arka ba. Gobe ka zo, kusa da ni za ka zauna."

Zan je. Ki gaida kowa. Ki sa yaron a addu'a, da ni, har da Lawal.

Ƙaninki,
Bitrus