Tsagar Dutsen Bayan Ɗakin Dada

Yalwawa, Dutse
3 ga Yuli

Zuwa ga 'yar Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu? Kakarki Dada tana gaishe ki, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi.

Na duba hoton da kika haɗo da wasiƙarki: tuddai sama da dubu a wata ƙasa mai nisa, kowanne kamar jinkar rumbu, wasu sun fi hasumiyar masallaci tsawo. Kin ce na dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama ya sassaƙa su a hankali. Kin ce namu ya fi tauri, amma shi ma ruwa yana shiga tsagarsa, don haka a ɗauke Dada daga ɗakin da ke gindin dutse kafin damina ta yi nisa.

Ban amince ba. Allah ya kafa duwatsu turakun ƙasa. Shekara arba'in Dada tana taimama a jikin dutsen nan in ciwo ya hana ta taɓa ruwa. Ki kula da imaninki a jami'ar nan. Na tambayi kaina ko na tsananta miki, ban ga haka ba.

Wassalam.
Mahaifiyarki, Hassana

19 ga Agusta

Assalamu alaikum. Ina fatan kin koma lafiya. Ya haƙuri?

Kwana uku kika yi a zaman makokin Dada, ba ki ɗaga ido kin dube ni ba. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ran Larabar da ɓarin dutsen ya rufta mata, da hantsi na ga tsakuwa tana zubowa daga tsagar. Na share ta, na koma kan aikina.

Kwananta ne ya ƙare, na sani. Amma na bincika zuciyata, abin da na kira tawakkali ƙin karɓar magana ne daga bakin wadda na haifa. Wanda ya kafa dutse shi ya saukar da ruwa, ban tuna ba.

Akwai wata tsagar a saman ɗakin ƙannenki. Na kwashe su zuwa gidan Gwaggo Luba. Ban san ko su dawo ba, ke ce kika san dutse.

Ke ce 'yar farina, don kunya ban taɓa kiran sunanki ba, sai in ce 'yar Dada. Yanzu babu Dada.

Adawiyya, ki zo ki duba. Abin da kika ce shi za a yi.

Wassalam.
Mahaifiyarki, Hassana