Wani Mutum Daga Uke

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule mai zuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa a durƙushe, irin ta ɗa ga uba, duk da na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Amyoyinka suna nan a bayan gida, Kawu Bala ne ke duba su, ko da yake har yau zumar ba ta saba da shi ba.

Bayan haka, Baba, wata magana ce ta daɗe a maƙogwarona. A bainar jama'a na yi laifin, shi ya sa na ga ya kamata in gyara shi inda kowa zai karanta.

Ka tuna shekarun da farar hula suka dawo mulki, Abuja ta kama gini ba ji ba gani? Duk hanyar filin jirgi an sare itatuwa an jera gidaje. Kakan yi dariya ka ce mutane sun tare a gidan dabbobi, ga su kuma suna ƙorafin dabbobi sun shigo musu gida. Jemagu a silin, damo a kwata, ƙudan zuma a bango. Har garinmu Uke ake zuwa a ɗauko ka, kai da tsaninka da amyarka da buhun busasshen kashin shanu na yin hayaƙi da kake karɓowa a rugar Fulani.

Ban taɓa ganin ka kashe ko ɗaya ba. In jemagu ne, sai ka zauna a tsakar gida da la'asar sakaliya kana lura da kafar da suke fita. In ka ji kukan 'ya'yansu a ciki, sai ka ce wa mai gida ya yi haƙuri har su yi fiffike. Wasu su yi fushi, wasu su kira masu feshi. Bayan mako biyu warin mushen jemagu ya hana su zama a falo, su dawo suna neman ka da "Baba, don Allah".

A lokacin na samu aiki a ma'aikatar tarayya, ina ƙaramin ma'aikaci mai sabon takalmi da girman kai fiye da albashinsa. Wata rana daraktanmu ya shigo ofis fuska a kumbure, ya ce zuma ta mamaye silin ɗin sabon gidansa. Sau biyu aka yi feshi, zumar ta narke tana ɗiga a kan kujeru, ƙudan kuma suka dawo. Ina son ogan ya san da zamana, sai na yi caraf na ce na san wani mutum daga Uke. Haka na ce, Baba. Wani mutum.

Ranar Asabar ka zo da tsohuwar rigarka mai warin hayaƙi. Ka zagaya gidan sau biyu, sannan ka kara kunne a bango. Da rana ta yi sanyi ka hura hayaƙi kaɗan, ka cire kwanon rufi ɗaya, ka zura hannu tsirara kana yi wa ƙudan magana ƙasa-ƙasa. Baƙin ogan duk sun koma bayan taga suna leƙe. Da ka samu babban nan da kake kira sarki, wanda mu 'yan boko muka nace sarauniya ce, ka sa shi a amya, sauran suka bi shi a hankali.

Kowa ya ɗauka an gama. Kai kuwa ka koma sama ka kankare saƙar tas, ka wanke wurin, ka ce in aka bar ko ɗan kaki, ƙanshinsa zai kira wasu baɗi. Ka ƙi toshe kafar a ranar, wai akwai waɗanda suka tafi kiwo, a bari su dawo su tarar da amya. Sai washegari ka sa raga ka shafe da siminti.

Da ka sauko a ranar Asabar ɗin, ogan ya kama hannunka da hannu biyu. Ya juyo gare ni a gaban baƙinsa ya ce, "Wannan tsoho gwani ne. Ina ka samo shi, Aminu?"

Na dubi rigarka, na dubi takalman robarka, na dubi manyan mutanen da ke tsaye. Na ce ɗan garinmu ne.

Kana naɗe igiya a lokacin, hannunka bai ko tsaya ba. Ka ɗago ka yi murmushi ka ce, "Yallaɓai, a riƙe yaron nan da kyau. Na san iyayensa, mutanen kirki ne."

Wallahi da mari ka yi mini da ya fi sauƙi. Washegari da ka gama na kai ka tasha, amya a bayan mota tana ruri, ina jira ka yi faɗa. Hirar damina kawai ka yi mini, ka tambayi lafiyar iyalina, ka ce in riƙa cin abinci a kan lokaci. Ko Inna ba ka gaya wa ba. Na yi ta cewa sai na zo gida sallah zan roƙe ka gafara, sallah ta zo na kasa buɗe baki, har Allah ya karɓe ka ban faɗa ba.

Watan jiya zuma ta sauka a rufin gidana na Lugbe. Kafin in dawo daga aiki maƙwabta sun taru, wannan da maganin feshi, wancan da galan ɗin fetur. Na ce kowa ya ajiye. Na aika aka kawo mini amya ɗaya daga cikin naka, na hau tsani da tumbina da farin gashina. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban kai ka ba. Sun harbe ni a fatar ido, na kwana uku ina kallon duniya da ido ɗaya, matata tana ɓoye dariyarta a bayan mayafi. Amma na samu sarkin, na kankare saƙar, na bar kafar a buɗe har washegari.

Wani maƙwabcina ya tambaye ni a ina ma'aikacin gwamnati ya koyi wannan aiki. Na ce a wurin ubana, sana'arsa ce, kuma a duk faɗin Abuja ba a yi kamarsa ba. Da ƙarfi na faɗa, har na can ƙarshen layi suka waigo. Sai da na shiga ɗaki hawaye suka zo.

To ga shi yau na rubuta, ko tsohon ogana zai gani, ko wani daga cikin baƙin ranar. Tsohon nan da ya zura hannu cikin zuma bai kashe ko ɗaya ba, wanda ya rufa wa ɗansa asiri a daidai lokacin da ɗan ya juya masa baya, ba wani mutum ba ne. Mahaifina ne, shi ya sayar da zuma ya kai ni makaranta. Ina alfahari da kai, Baba, kuma ina jin kunyarka.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya tausaya maka yadda ka tausaya wa ƙananan halittunsa. Ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ni kuma ya ba ni ikon haɗuwa da kai a can, in faɗa maka da bakina.

Ka yafe mini.

Naka har abada,
Aminu, ɗan Malam Sule mai zuma