Lambar Mama Rifkatu Na Shiga Da Ita

Salama da alheri gare ku, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti tsakanin Kafanchan da Kwoi. Bara wasu masu bincike daga jami'a suka kawo mana na'urar awon jini da wata babbar waya. Aikinmu mu bi mata masu ciki gida-gida duk sati biyu, mu auna su, mu rubuta a wayar. In jinin mace ya hau, fuskar wayar takan yi ja, saƙo ya tafi wurin likita a Kafanchan nan take. So suke su gani ko hakan zai rage mutuwa wajen haihuwa. Kowa da lambar sirrinsa ta shiga, amma ba a yi wata ɗaya ba tawa ta kulle, ta wasu mutum biyu ma haka, mai buɗewa kuma yana can birni. Sai shugabarmu Mama Rifkatu, ungozomar da ta tsaya mini na samu aikin nan, ta rubuta tata a filasta ta manna a bayan wayar. Ta ce, "Ku shiga da nawa, ai aikin Allah ne duka."

Lokacin haƙar citta na je gidan wata mai ciki wata takwas, in kira ta Saratu. Ba ta nan. Uwar mijinta kawai na tarar, tsohuwa ce da idonta ya tafi. Ta ce, "Sista, ya tafi gona, ƙetaren rafi. Ƙafan shi ya kumbura fa, kai ma yana damun shi tun jiya." Na ji wannan maganar da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Na san ma'anar kumburi da ciwon kai ga mai ciki, abin da aka koya mana ke nan tun ajin farko. Amma rana ta take, saura mini gida bakwai, ga rihasal, wato gwajin waƙa na mawaƙan coci, ƙarfe huɗu kuma ni ce mai bayarwa. Wayar tana nuna inda mutum yake tsaye, don haka na zauna a bencin ƙofar gidan, na duba awonta na baya, na ɗan canza lamba ɗaya don kada ya yi kama da kwafi, na tura. Ta nuna kore. Na ce a raina gobe zan dawo in auna ta da gaske. Goben nan ba ta zo ba.

Kwana huɗu bayan haka jijjiga ta kama Saratu a gona. A mashin aka ɗauko ta, mutum biyu suna riƙe da ita. Aka yi mata aiki a Kafanchan, ita ta tashi, yaron bai zo da rai ba. Namiji ne, kuma na fari, bayan shekara shida suna nema. Na je gaisuwa, har ni na jagoranci waƙa. Wace irin mace ce ni? Da wane baki na yi waƙar ta'aziyya a gidan nan?

Sai babbar mai binciken ta zo, wata Dokta mai magana a hankali. Abin ya ɗaure mata kai: yaya jinin da yake lafiya lau ranar Talata zai kai ga jijjiga ranar Asabar? Da farko ta zargi na'urar, har tana cewa in haka ne sai a dakatar da shirin a duk ƙauyukan. Da ta tambayi Saratu, sai ta ce babu wanda ya auna ta a satin. Tsohuwa ta ce wata Sista ta zo, amma mu duka Sista ne a bakinta. Dokta ta buɗe kwamfuta, ga rana, ga lokaci, ga ƙofar gida, ga suna: Rifkatu.

Ina tsaye a wurin. Na bar laifin ya faɗa kanta.

Da Dokta ta tafi, Mama ta tara mu ukun, ta ɓare filastar ta jefa a shara. "Kada kowa ya faɗa cewa kun shiga da lambana. Za su kore ku duka, kuma kuna da yara." Abin da ya fi kashe ni shi ne ba wai tana rufa mini asiri ba ne, ba ta ma sani ba. Ta soma yarda cewa ita ce. Ta ce a watan ta zagaya gidaje da yawa, wayar tana rikita ta, wataƙila awon wata ta saka wa Saratu. Matar da ta shekara talatin tana karɓar haihuwa, rabin ƙauyen nan a hannunta suka faɗo, yanzu a kasuwa ana nuna ta da baki. Ta daina zuwa zumuntar mata. Ranar Lahadi a coci aka zo da jibin Ubangiji, ta bar shi ya wuce.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna kan maganar Mama ranar Litinin, saura mata shekara ɗaya ta yi ritaya, kuma ana maganar sallama. Jiya ta kira ni ofis ta ce, "'Yata, ke kin iya Turanci, ki buga mini takardan amsa laifi. In mun gama da su kuma ki raka ni gidan Saratu, zan durƙusa. Ba zan iya tafiya ni kaɗai ba." Na zauna na buga. Tana faɗa ina rubutawa, har da gyara mata inda ba ta faɗa daidai ba. Ta karanta, ta ce Allah ya yi mini albarka.

In na yi magana aikina ya tafi, wataƙila da na sauran biyun, mijina kuma dattijo ne a ikilisiya. In na yi shiru na binne ta da ranta. Na san amsar, tsoro ne ya hana ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Takardar tana cikin jakata yanzu, ba ta sa hannu ba tukuna, ta ce in ajiye mata don ta fi yarda da ni. Me zan yi?