Layar da ke cikin gogen Baba

Daren Laraba, Dukawuya

Jirgi ya tashi ya bar ni. Ga ni a ɗaki, ni da gogen Baba.

Tun wajen awon kaya aka fara. Ma'aikaciyar ta ce sai dai a sa shi ƙasan jirgi tare da akwatuna. Na ce, "Hajiya, ƙoƙon duma ne fa, akwati ɗaya ya hau kansa ya gama yawo." Da ƙyar ta bar ni na riƙe shi. Sai kuma na'urar bincike ta hango abu a cikinsa.

"Malam, mene ne wannan?" in ji jami'in.

Na ce laya ce, marigayi mahaifina ya liƙa ta kafin ya rufe ƙoƙon da fatar guza. Bahaushe ne, ya gane sarai, har ya ce Allah ya jiƙansa. Amma wai akwai ƙarfe a ciki, sai ya gani da idonsa. Ni kaina ban taɓa ganinta ba. Muna ja-in-ja aka rufe ƙofar jirgi.

An mai da ni jirgin gobe. Wasan da zan yi a Legas jibi ne, in na farke fatar, sabuwa ba za ta bushe ba. Yaya Sabo ya ce in ari na wani. Hannuna bai san wani goge ba. Inna ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Abin da ubanka ya rufe, kai za ka buɗe?"

Reza na kan tabarma tun bayan isha'i. In ɗauka, in ajiye.

Baba, me ka sa a ciki ne?