Gangar Barasar Gaspard

Bawatin, Oktoba 1702

Zuwa ga Yayata Perrine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki?

Yaya, kada hankalinki ya tashi, amma bana ba zan dawo Montreal ba. Kwalekwalenmu ya daki dutse, na karye a ƙafar dama. Mutanen Ojibwe ne suka tsamo ni. Wani dattijo mai suna Migizi ya kai ni bukkarsa, 'yarsa Wabigwan ta yi mini ɗori. Da na yi ihu sai ta ce, "Duk gemun nan, ashe na banza ne?"

Kin san Gaspard, abokin fataucina. Cikin kayan da suka tsira har da gangar barasa, ya ce da ita kaɗai za mu kwashe duk fatun biba na garin, dabbar ruwan nan mai laushin gashi, masu huluna a Faransa su yi ta rububi. Har na amince. Sai Migizi ya zauna kusa da ni, ya ce, "Bara wasu irinku sun buɗe irin wannan. Ɗana da amininsa suka sha, wuƙa ta fito, na binne ɗana. Kai baƙona ne, ba zan hana ka ba." Ya tashi ya ci gaba da gyaran tarunsa.

Na kasa haɗiye abincin da suka kawo mini. Washegari da hantsi na ja jiki zuwa bakin ruwa, na sa gatari na fasa gangar. Gaspard ya kira ni mahaukaci, ya gyara kwalekwalen, ya tafi da rabonsa. Ni da tukwanen tagulla da gatura aka bari, ga sanyi yana tafe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a. Wani fada, limamin coci mai komawa gida, shi ne zai kawo miki wannan.

Ƙaninki,
Barnabé

Bawatin, Yuni 1703

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki da safar da kika saƙa, har na yi hawaye.

Ina raye, ina kuma tafiya, sai ɗan ɗingishi. Sanyin ya yi tsanani. Da shinkafar tafki ta kusa ƙarewa, ina lura Migizi yana rage tasa yana ƙara mini. Na yi magana, ya ce tsoho ba ya cin da yawa. Ƙarya yake, na ga yadda yake cin kifi yanzu.

Da ƙanƙara ta narke, mafarauta suka zo da fatu, har daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ɗaya ya ce, "Kai ne mai fasa ganga? Mun zaci ƙato ne." Tukwanen da gaturan duk sun tafi. Ban yi arziki ba, amma sun ce baɗi ma ni za su jira.

Ga abin da nake ta kewaye-kewaye a kai. Na auri Wabigwan bisa al'adarsu, fada kuma zai sa mana albarka idan ya dawo. Na san za ki ce me mutanen coci za su faɗa. Yaya, ke kika raine ni, ra'ayinki kaɗai ya dame ni. Wabigwan ce ke yi mini tafinta, ita ke hana a cuce ni, ita ke hana ni cutar wani.

Tana da ciki. Na ce idan mace ce sunanki za ta ci. Kwana uku Migizi yana gwada faɗinsa, harshensa ya ƙi, ya tsaya a "Penin". Yanzu duk garin Penin suke jira, har an fara ɗinka mata takalma. Ki aiko da allurai da jan ƙyalle, ki kuma aiko da albarkarki.

Naki har kullum,
Barnabé