Zamzam a Tukunyar Mai Cin Ƙuda

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Malam da yara? Mu nan unguwar Jarwal a Makka alhamdu lillahi, sai zafi.

Yaya, raina a ɓace yake. Watan jiya na sayi wani ɗan tsiro a wani shago a unguwar Aziziyya, ganyensa kamar baki mai haƙora, ƙuda na sauka sai ya rufe. Mai shagon ya ja min kunne: ban da taki, ban da ruwa mai gishiri-gishiri, sai wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Haka nake tara masa a kofi, har ya fito da sabon baki biyu.

Da zan tafi ziyara Madina, na kai wa maƙwabciyata Hajiya Rabi, na yi mata bayani, ta ce in tafi hankali kwance. Na dawo na tarar ya yi baƙi ƙirin. Kwana shida tana ɗura masa zamzam, alhali saiwarsa ba ta ɗaukar ruwa mai gishiri-gishiri irin zamzam!

Da kuskure ne da na haƙura. Ashe matan unguwa ta tara, ta ce tsiron da ke cin nama ba ya rasa aljani, za ta gwada shi. Da ya mutu suka ce magana ta tabbata. Yanzu in na yi sallama sai a yi tsit. Shekara tara muna cin kwano ɗaya da matar nan, ta kasa tambayata.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna da kowa. Jiya a ɗawafi na yi wa kowa addu'a da sunansa. Na Rabi ne ya ƙi fitowa daga bakina.

Ƙanwarki,
Hajara