Tambayar da Malama Falilat Ta Maimaita

Sabon Gari, Kano
Litinin

Zuwa ga aminiyata Hajja Jawahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji Ari da autarki Khairiyya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda kamar zamanin da muke makarantar kwana. Na kashe wayata tun Juma'a, zagi da barazana sun ishe ni, kuma duk abin da mutum ya rubuta a waya yanzu gobe yana hannun gari. Maƙwabciyata Veronica, mai sayar da atamfa, ita za ta kawo miki wannan, ki ba ta amsa hannu da hannu.

Na san kin ji muryar nan da ake yawo da ita. Daƙiƙa tara ce kacal: ni, Falilat, ina cewa da ƙarfi, "Ashe ke nan mutum da biri kakansu ɗaya!" Muryata ce, ban musa ba. Amma Hajja, kin taɓa tsayawa gaban yara saba'in fanka tana ƙara? Idan ɗaliba ta yi tambaya, sai malami ya maimaita ta da ƙarfi don kowa ya ji, sannan ya amsa. Shekara goma sha tara ina koyar da bayoloji haka nake yi. Babin asalin halittu yana cikin manhaja, ba ni na saka shi ba, kuma yana fitowa a jarrabawar fita. Ran nan wata yarinya ce ta yi tambayar, na maimaita, sannan na ce: wannan bayanin masana kimiyya ne, ku fahimce shi ku rubuta jarrabawa, ni kuwa Musulma ce, da Annabi Adamu na yi imani. An yanke gaba, an yanke baya, an bar ni a tsakiya.

Wata uku ke nan, ajina uku, wallahi na kasa tuna wadda ta tambaya. Abin da na tuna shi ne Khairiyya takan naɗi darasina a wayarta don bita, da izinina. Ki taimake ni ki duba. Idan cikakken naɗin yana nan, na tsira.

Mai makaranta ya dakatar da ni. Maza uku sun kafa benci a tsallaken ƙofarmu, ba sa sayen komai, ba sa sayar da komai.

Taki har kullum,
Falilat

Fagge, Kano
Laraba

Zuwa ga Malama Falilat,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gane ta tun kafin in buɗe, don har yau rubutunki kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na so in yi dariya, ban iya ba.

Kin san Alhaji yana neman kujerar majalisar jiha, kuma kin san mazaɓar nan rabi Fagge ce rabi Sabon Gari, abin da ya faranta wa wannan ɓangaren sai ya ɓata wa wancan. To, ya samu maganar da ta haɗa su. Jiya a wajen taronsa liman da fasto kujera ɗaya suka zauna. Aka saka muryarki a lasifika sau huɗu. Alhaji ya ce idan aka zaɓe shi, ƙudurin farko da zai kai majalisa shi ne a cire babin nan daga littattafai. Bai kama sunanki ba. Mutane ne suka kama masa.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Na kira Khairiyya ɗaki, na ce ta kawo wayarta. Yarinyar nan ta tsaya tana kallona kamar na ce ta miƙo wuyanta. Muka kunna. Falilat, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amsarki tana nan tsaf. Amma wayar a kan teburinta take, don haka muryar mai tambayar ta fi taki fitowa. Khairiyya ce. Kuma ba ta tsaya nan ba. Bayan kin gama amsawa ta ce, "Ni dai Malama, na ga kamar suna da hujja."

Na tambaye ta, "Ke me ya kai bakinki?" Ta ce, "Hajja, tambaya fa kawai na yi, ba a aji ake tambaya ba?" Shekararta goma sha bakwai, ba ta san garin da take ciki ba.

Idan na ba ki naɗin nan, bencin da ke ƙofarki ƙofata zai dawo, kuma ba ni za su nema ba. Ina jin kunyarki, ina jin tsoro, tsoron ya fi yawa. Ki ba ni kwana biyu in san yadda zan shawo kan Alhaji. Idan ya ji 'yarsa ce, dole ya yayyafa wa maganar ruwa.

Ki gaida ƙaninki Qudus. Allah ya tsare.

Taki,
Jawahir

Sabon Gari, Kano
Alhamis

Hajja,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki. Yanzu na tuna: Khairiyya wajen taga take zama, tana tauna murfin biro. Ni na yi mata wankan farko ranar da kika haife ta, kina tsammanin zan miƙa ta? Ki manta na roƙe ki. Kada naɗin nan ya fita daga gidanki.

Abin da ya ba ni mamaki, yara saba'in sun san wadda ta yi tambayar, babu wadda ta buɗe baki. Ban sani ba ko ƙaunarta suke yi ko tsoron mahaifinta.

Na bar gidana. An watsa wa ƙofar jan fenti, mai kayan miyan da nake ciniki da shi shekara goma ya daina amsa sallamata. Ina bayan shagon Veronica, tsakanin dilolin atamfa. Ita ma a cocinsu an ja mata kunne. Tun muna yara muke addu'a Allah ya haɗa kan Fagge da Sabon Gari a kan abu guda. Ga shi an amsa, a kaina.

Kwamitin iyaye ya aiko mini da sammaci: ranar Asabar ƙarfe goma a zauren makaranta, kuma Alhaji Ari ne shugaban zaman. Zaɓi biyu suka ba ni. Ko in faɗi sunan ɗalibar da na ce ta yi tambayar, ko in amsa a gaban jama'a cewa maganar tawa ce. Kin san me zai biyo bayan na biyun, ba sai na rubuta ba. Qudus ya ce in shiga mota in tafi Ilori, garin kakanninmu. Ilorin da sau biyu na taɓa zuwa a rayuwata! A Fagge aka binne cibiyata, a Kano aka binne iyayena.

Ki yi wa Alhaji magana yau, don Allah. Ba na neman ya wanke ni. Ya ɗage zaman kawai har a wuce zaɓe.

Na gode, ki huta lafiya.
Falilat

Fagge, Kano
Juma'a

Falilat,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na sami Alhaji da hantsi yana shirin masallaci, yana zaɓen hula. Na rufe ƙofa na ce, "Alhaji, muryar da kuke sakawa a lasifika, tambayar Khairiyya ce Malama ta maimaita." Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Wa kike tsammani ya sa aka yanke? Ni nake duba wayar yarinyar nan duk ƙarshen wata. Yara saba'in sun ji ta. Yau ko gobe abokin takarata zai ji cewa 'yar Ari tana cewa masu maganar biri suna da hujja. Gara in riga shi. Yanzu duk wanda ya tashi da zancen, an riga an san mai laifi."

Na ce, "Falilat fa? Matar da ta kwana uku a asibiti a kaina?"

Ya ce, "Wadda ta buɗe littafin a gaban yarinya ita ta sa mata tambayar a baki. Ban yi mata ƙarya ba, muryarta ce." Sai ya sa hularsa, ya karɓe wayar Khairiyya daga hannuna, ya jefa a aljihu ya fita.

Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin nan, yau na ji tsoronsa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, da ya ce don ya kare ta ya yi, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi. Ki tsine mini idan kin so, na cancanta.

Babu sauran naɗi, babu ɗage zama. Na ji direbansa yana waya, motoci shida za su kwaso matasa gobe, kuma ba cikin zauren za su shiga ba, a bakin ƙofa za su jira. Kada ki je. Ki bi maganar Qudus, ki fita kafin gari ya waye sosai. Idan ba ki zo ba za su ce kin amsa laifi, amma za ki kasance da rai.

Ki yafe mini, don Allah da Annabi.

Jawahir

Fagge
Juma'a da la'asar

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki da girmamawa. Khairiyya ce. Hajja ba ta san na saka wannan a cikin ambulan ɗinta ba.

Na ji duk abin da suka faɗa da Baba, ina bayan labule. Malama, ke kika ce mana wanda ya yi tambaya bai yi laifi ba. Idan haka ne ban yi laifi ba, idan kuma ba haka ba ne, to laifin nawa ne, ba naki ba.

Ki tafi ko ki zauna, duk wanda kika zaɓa daidai ne. Ni dai Baba ya ce gobe in saka kayan makaranta in zauna a layin gaba, don mutane su ga irin yaran da ake so a ɓata. Zan je. Idan ya tambaya ko akwai mai magana, zan ɗaga hannu.

Ki yi mini addu'a, ina jin tsoro sosai.

Ɗalibarki,
Khairiyya Ari